Yadda Ake Riƙe Tala da Ƙirƙira Nan Take a Kiɗan Gargajiyar Indiya

Akwai tambayar da ke ta dawowa, kusan da kalmomi iri ɗaya. Mutum ya ga mai sitar, wato molon Indiya mai igiyoyi da yawa, da mai tabla, wato tagwayen gangunansu, suna zuba kiɗa, kowa kamar ya kama gabansa, can sai ga su sun dira tare a kan bugu ɗaya, 'yan kallo suka ɗau sowa suna kaɗa kai. Shiryawa suka yi tun a gida? In ba shiri ba ne, yaya ake yi, kuma wanda yake Kano ko Maraɗi zai iya koya?

Galibi ba shiri ba ne. Su biyun suna riƙe da zagayen bugu guda a ka, wanda ake kira tala, kuma duk yawon da mutum zai yi ya san bugun da zai koma. Sunan bugun nan sam, ni kuwa gida nake ce masa. Wanda bai san hanyar gida ba, ba ƙirƙira yake yi ba, ɓata ya yi. Shi ya sa na jera matakan nan yadda za ka gani: baki da tafi tukuna, kayan kiɗa sai can ƙarshe. Salon arewacin Indiya na bi, wanda suke kira Hindustani, na kudu kuma zan taɓa shi kaɗan.

1. Tanadi kayan aiki

Watanni ukun farko ba sa buƙatar ka sayi komai. Waya, data, abin sauraro na kunne mai fitar da amo mai kauri, littafin rubutu, sai rabin awa a kullum.

A wayar ka sauke manhaja iri uku. Ta farko ta tampura, wato molon nan mai dogon wuya da ke ta gunji a bayan mawaƙi ba ya sauyawa. Tanpura Droid tana nan ga masu Android. Ta biyu mai kaɗa tabla, irin su iTablaPro ga masu iPhone, ita kam ta kuɗi ce, amma akwai na kyauta da yawa da za su ishe ka. Ta uku ita ce metronom, mai ƙyas-ƙyas ɗin da ke auna gudu. In kana son na'ura ta musamman, kamfanin Radel na Bangalore yana ƙera tampura da tabla masu aiki da lantarki, sai dai ban ga dalilin da ɗan koyo zai kashe kuɗi a kansu ba alhali waya na yin aikin.

Hattara: kada ka saurara ta lasifikar waya. Ba ta fitar da kaurin gangar hagu, kuma a mataki na 4 za ka ga cewa da wannan kaurin ake gane hanya.

2. Kama zagayen da tafi

Fara da tintal. A intanet za ka tarar an rubuta shi teentaal ko teental. Bugu 16 ne, an kasa su kashi huɗu, huɗu-huɗu.

Sa metronom a kan 60, wato bugu ɗaya a daƙiƙa. Ƙirga ɗaya zuwa sha shida da ƙarfi, da Hausa. A kan 1 ka tafa. A kan 5 ka tafa. A kan 9 kada ka tafa, ka juya tafin hannunka sama kamar mai cewa babu. A kan 13 ka sake tafawa. Daga 16 sai ka faɗa 1, ba tsayawa ba numfasawa. Wannan 1 shi ne sam. Juyin hannun nan na kan 9 kuwa sunansa khali, ma'ana wofi, kalma ce ta Larabci da ta shiga bakinsu, tushenta ɗaya da halwa.

Bugun da ke tsakanin tafi da tafi ana bin su da yatsu: ƙaramin yatsa, na kusa da shi, na tsakiya. Wasu makaɗan kuma da babban yatsa suke bin gaɓoɓin sauran yatsun huɗu, kowane yatsa wuri huɗu idan aka haɗa da kansa, sha shida ke nan cif. Duk wanda ya saba tasbihi da yatsu ba zai sha wuya a nan ba, sai dai ya tuna huɗu ne ba uku ba.

Yi zagaye ashirin a jere ba kuskure kafin ka wuce. In ka kuskure a na sha bakwai, koma farko.

Hattara: khali ba ado ba ne. Rabin farko da rabin ƙarshe na tintal tsawonsu ɗaya, in ka mayar da 9 tafi, cikin minti biyu za ka kasa bambance 1 da 9. Wannan shi ne ɓatan da ya fi kama 'yan koyo.

3. Haddace teka da baki

Kowane bugu na tabla yana da suna da ake furtawa, ana ce masa bol. Jerin bol da ke nuna fuskar tala kuma shi ne teka. Ga ta tintal:

Dha Dhin Dhin Dha
Dha Dhin Dhin Dha
Dha Tin Tin Ta
Ta Dhin Dhin Dha

Na bar rubutun yadda su suke yi domin ka gane shi a duk inda ka gan shi. Wannan h ɗin numfashi ne da ke bin d, a fito da shi daga ƙirji. Yana da aiki. Tabla ganga biyu ce, ƙarama ta itace a dama mai siririyar murya, da babba ta ƙarfe a hagu mai kauri. Dha da Dhin na nufin an bugi duka biyun. Ta da Tin na nufin ta dama ce kaɗai, ta hagu ta yi shiru.

Yanzu ka daina ƙirga lamba, ka riƙa furta teka hannu na tafi da juyi kamar dā. Mako guda a kan wannan bai yi yawa ba. Ka yi a kan hanya, ka yi kana jiran shayi. Malamin tabla na gaske ba ya barin almajiri ya kaɗa abin da bakinsa bai iya faɗa ba, kuma da gaskiyarsa. Mu da muka taso muna jin kalangu na kiran sunan mutum bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, illa dai kalangu maganar mutane yake kwaikwayo, tabla kuwa yarenta nata ne.

Hattara: kada ka rera teka kamar waƙa kana jan wani bol kana gutsure wani. Kowanne daƙiƙa ɗaya, daidai wa daida.

4. Nemo sam a kiɗan wasu

Kafin ka ƙirƙiri naka, koyi gano gida a na gwanaye. Nemi kiɗan sitar, sarod (shi ma wani molo ne) ko sarewa da aka rubuta tintal a jikinsa, mai matsakaicin gudu. Wasannin Ravi Shankar mai sitar da Alla Rakha mai tabla suna nan birjik, haka na Hariprasad Chaurasia mai sarewa, da na Zakir Hussain ɗan Alla Rakha, wanda ya rasu a Disambar 2024.

Ga dabarar. Kasa kunne ga gangar hagu kaɗai. Za ka ji tana gurnani, can sai ta ɗauke na bugu huɗu, daga 10 zuwa 13. Inda ta dawo shi ne 14. Daga nan ƙirga: sha huɗu, sha biyar, sha shida, gida. Da ka kama shi sau ɗaya sai ka ɗora tafinka ka bi. Ka kuma lura da fuskokinsu, don a kan sam sukan haɗa ido ko su gyaɗa kai, 'yan kallon da suka san abin ma haka.

Hattara: farkon wasa ba shi da tala. Ana kiransa alap, mai kari ne shi kaɗai yake buɗe raga, wato tsarin muryoyin da karin ke bi, sannu a hankali, mai tabla na zaune hannu a cinya, wani lokaci har rabin awa ko fiye. A kayan kiɗa jor da jhala na biyo baya, akwai motsin bugu a cikinsu amma babu zagaye. Kada ka wahalar da kanka neman sam sai tabla ta shigo. Kada kuma ka ji kunya in ka rikice. A 1971, a wani babban taro a New York da aka yi domin tallafa wa mutanen Bangladesh, jama'a sun tafa wa Ravi Shankar da abokansa alhali saita kayan kiɗa kawai suka gama.

Wani hattarar: guji khayal, wato salonsu na waƙar baki, mai tafiyar hawainiya a yanzu. A can zagaye ɗaya na bugu 12 yakan kai kusan minti guda, ɗan koyo ba ya iya riƙe shi.

5. Ninka gudu, tafi na nan yadda yake

Nan ne hannu da baki za su rabu. Tafin ba ya sauya gudu ko kaɗan, baki ne zai ninka.

Ninki biyu, dugun: bol biyu a kowane bugu, teka ta zagayo sau biyu cikin zagaye ɗaya. Ninki huɗu, chaugun: bol huɗu a bugu. Yi zagaye ɗaya a gudun asali, ɗaya a ninki biyu, ɗaya a ninki huɗu, ka dawo na asali. Sauke metronom zuwa 50 idan harshe na sarƙewa.

Sai ka gwada wannan, don shi ne ƙofar abin da ke tafe: yi tafi shiru daga 1 zuwa 8, ka shigo da teka a ninki biyu daga 9, za ta ƙare daidai ka dira a sam. A ninki huɗu kuma daga 13 za ka shigo.

Ninki uku, tigun, shi ne mai gardama, domin teka huɗu-huɗu take tafiya kai kuma kana cusa uku a bugu. Kafin ka sa teka, yi kwana biyu kana faɗin ta-ki-ta a kan kowane bugu har jikinka ya san yadda uku ke zama.

Hattara: ɗauki muryarka a waya ka saurara. Kusan kowa yana ƙara gudun tafi idan baki ya ninka, kuma ba ya ji a lokacin. Na yi makonni ina rantsuwa daidai nake, sai da na ji kaina na yi shiru.

6. Gina tihai

Waccan dirar da ke sa jama'a sowa, yawanci tihai ce. Jimla ɗaya ce ake maimaitawa sau uku, bugun ƙarshe na maimaici na uku ya faɗa kan sam. Lissafinta bai fi na 'yan firamare ba, kuma a ganina duk wanda ya iya shi ya shiga gidan, saura ado.

Ka ƙirga bugun da ke tsakanin inda za ka fara da sam, ka haɗa da su biyun. Daga 1 zuwa 1 na gaba, 17 ne. Daga 9 zuwa sam, 9 ne. Wannan adadi dole ya yi daidai da tsawon jimla sau uku, a tara da tsawon hutu sau biyu, tunda hutu biyu ne ke tsakanin jimloli uku.

Ɗauki 17. Jimla mai bugu 5 sau uku, 15. Saura 2, hutun bugu ɗaya-ɗaya ke nan. Ga shi:

Ti Ra Ki Ta Dha, hutu
Ti Ra Ki Ta Dha, hutu
Ti Ra Ki Ta Dha

Ta farko ta ci 1 zuwa 5, hutu a 6. Ta biyu 7 zuwa 11, hutu a 12. Ta uku ta tashi daga 13, Dha ɗinta ya sauka a gida. Irin wannan mai hutu ana ce mata damdar, mai numfashi.

Ɗauki 9. Jimla mai bugu 3 sau uku, babu saura, babu hutu. Ti Ta Dha, Ti Ta Dha, Ti Ta Dha, daga khali. Dha na farko a 11, na biyu a 14, na uku a sam. Wannan ita ce bedam, marar numfashi.

Yanzu abin daɗin. Waccan mai biyar-biyar, in ka faɗe ta a ninki biyu, daga 9 za ta tashi, domin rabin bugu 16 ne daga nan zuwa gida, a ƙara ɗaya, 17 ta sake fitowa. A ninki huɗu kuma daga 13. Tihai ɗaya ta ba ka ƙofa uku.

Aikin gida: rubuta tihai daga kowane bugu na tintal. Daga 3, adadin 15 ne: jimla 5 ba hutu, ko jimla 3 da hutun uku-uku. Daga 7, adadin 11 ne: jimla 3, hutu ɗaya-ɗaya. Daga 4, adadin 14: jimla 4, hutu ɗaya-ɗaya. Cika sauran da kanka. Wasu wuraren za su ba ka hanya biyu ko uku, ka rubuta duka, ka furta kowacce da tafi har ta zauna. Gwanin da ka ga ya jefo tihai kamar daga sama, irin wannan rumbun ya tara shekara da shekaru, har ya zama ido kawai yake ɗagawa ya san nisan gida ya zaro wadda ta dace.

Hattara: mantuwa da ƙara ɗayan nan ita ce ke sa mutum ya dira a 16, bugu ɗaya kafin gida. Sam na cikin lissafi.

Hattara kuma: hutu bugu ne mai cikakken tsawo. Masu koyo na gutsure shi saboda shiru na ba su tsoro. In ya gagara, ka riƙa cewa "a" a hankali a wurin har ka saba. Kuma hutun biyu dole su zama tsawo ɗaya, ba a rage na biyu don a cim ma sam. Masu sauraron da suka sani za su ji satar.

7. Ƙirƙirar farko: kaida da juyinta

Kaida jimla ce da ake ba almajiri ya riƙa juya ta. Sunan ma ƙa'ida yake nufi. Ga wadda aka fi fara koyarwa:

Dha Dha Ti Ta Dha Dha Tu Na
Ta Ta Ti Ta Dha Dha Dhin Na

Layin farko cike yake da kauri. Na biyu inuwarsa ce, ya fara ba gangar hagu, sannan ta dawo a ƙarshe. Haddace ta a gudun asali da ninki biyu.

Juyin, wanda ake kira palta, yana da doka uku. Ba ka shigo da bol ɗin da babu shi a kaida. Duk abin da ka faɗa da kauri sai ka maimaita inuwarsa. Kuma ƙarshen kowane rabi yana komawa ga jelar kaida. Misali, a ninki biyu:

Dha Dha Ti Ta Dha Dha Ti Ta, Dha Dha Ti Ta Dha Dha Tu Na
Ta Ta Ti Ta Ta Ta Ti Ta, Dha Dha Ti Ta Dha Dha Dhin Na

Takwas ɗin farko ne filinka. Sauya su zuwa Dha Dha Ti Ta Ti Ta Dha Dha. Sannan Dha Ti Ta Dha Ti Ta Dha Dha, wanda ya karkasu uku, uku, biyu, ka ji yadda ya fara tangaɗi. Sannan ka cire Dha ɗaya ka bar gurbinsa shiru. Kowane juyi ya fito daga cikin wanda ya gabace shi, kamar mai saƙa yana ƙara zare. Rubuta goma a littafi. Rufe littafin, ka kunna tabla ko lehra, wato ɗan karin da ke ta zagayawa don riƙe wa mai tabla lokaci, ka yi ta juyawa da ka. In ka gaji ka rufe da Dha Dha Ti Ta Dha sau uku, lissafin biyar-biyar ɗin nan da ka riga ka sani.

Ranar da juyi na sha ɗaya ya fito daga bakinka ba ka taɓa rubuta shi ba, kuma ka iso gida a kan lokaci, ka fara ƙirƙira nan take.

Hattara: Ti Ta kalma ɗaya ce, ba a raba ta. Haka Tu Na. Kuma kada ka yi tsalle daga juyi mai sauƙi zuwa mafi wuya don burgewa, a wurinsu tsarin tafiyar shi ne gwaninta.

8. Kama Sa, ka shiga raga

Wanda tabla kaɗai yake so yana iya tsallake wannan da na gaba, ko da yake ban ba shi shawarar haka ba.

Muryoyinsu bakwai ne: Sa Re Ga Ma Pa Dha Ni. Wannan Dha daban yake da na tabla, suna ne kawai ya zo ɗaya. Sa ba ta da kafaffen wuri, kai za ka zaɓa daidai da maƙogwaronka. A haruffan murya da za ka gani a manhajar, maza sukan zauna wajen C zuwa D, mata wajen G# ko A. Saita tampura a kan Sa ɗinka, igiyar farko a Pa. Yi minti goma kullum kana jan Sa da dogon numfashi har ka ji muryarka ta narke a cikin gunjin.

Raga ta farko, ka ɗauki Bhupali. Murya biyar ce, babu Ma babu Ni: Sa Re Ga Pa Dha a hawa, Sa Dha Pa Ga Re Sa a sauka. A al'adarsu da farkon dare ake rera ta. In akwai piyano kusa, baƙaƙen maɓallan nan biyar ne idan ka fara daga na farkon rukunin uku. Kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da kari mai murya biyar, za ka ji kamar ka san ta.

A nan tarkon yake. Raga ba jerin muryoyi ba ce kawai, tana da tafiyarta da wuraren hutawarta. Bhupali a kan Ga take zama. Jimlar da ke nuna ita ce: Ga Re Sa Dha na ƙasa, Sa Re Ga, Pa Ga, Dha Pa Ga Re Sa. Daga Pa zuwa Ga ana zamewa ne, ba a tsalle. Saurari yadda mawaƙiya Kishori Amonkar ta rera ta, sau da yawa, kafin ka buɗe baki.

Sannan ka yi ƙaramin alap naka, ba tala. Minti biyu da murya uku kacal, Dha na ƙasa, Sa, Re. Sai ka shigo da Ga ka daɗe a kanta. Pa sai daga baya. Kowace jimla ta ƙare a Sa ko Ga.

Hattara: in ka riƙa daɗewa a kan Dha da Pa na sama, ka fita daga Bhupali ka shiga Deshkar, raga ta safe mai muryoyi iri ɗaya. Kuma piyano na nuna maka wurin murya ne kawai, ba ya zamiya, kada ka kwaikwayi tsallensa.

9. Haɗa kari da tala

Kowace waƙa tasu tana da ɗan kai da ake komawa gare shi, mukhda, wanda ke kai mutum sam. Aikinsa kusan na amshi ne a waƙar baka, sai dai a nan mawaƙin ne ke yi wa kansa, kuma dole ya shigo a bugun da aka ajiye masa.

Ga na gwaji: Ga a 13, Re a 14, Sa a 15, Re a 16, Ga a sam. Kunna tintal a 80 ka yi ta shigowa da shi kowane zagaye, sauran wurin shiru. In ya zauna, cika 9 zuwa 12 da duk abin da ya zo maka na Bhupali, murya ɗaya a bugu, ka kama mukhda a 13. Sannan 5 zuwa 12. Sannan daga 2. Sannan ka tafi zagaye biyu kafin ka dawo. Bayan wata ɗaya ka fara ninka gudu a cikin filin, ka kuma gwada maye gurbin mukhda da tihai: Sa Re Ga sau uku daga 9.

In ka sami abokin koyo, ku yi abin da suke kira sawal-jawab, su'ali da jawabi ke nan. Kai ka yi jimlar bugu takwas, shi ya mayar. Ku rage zuwa huɗu, biyu, ɗaya, ku rufe da tihai tare.

Hattara: in ka ga ba za ka iso 13 a kan lokaci ba, kada ka ruga. Ja murya ɗaya, bar zagayen ya wuce, ka kama na gaba. Gwanaye ma suna yi, ba wanda ya sani.

10. Sauran taloli, da na kudu

Sai tintal ta zama jiki za ka ƙara wasu. Kaharwa bugu 8 ce, dadra 6, su ne suka cika waƙoƙin finafinan da muka taso da su, ba za su ba ka wuya ba. Jhaptal 10 ce, biyu, uku, biyu, uku, khali a 6. Rupak 7 ce, uku, biyu, biyu, kuma tana da abin mamaki: sam ɗinta khali ne, gida ba kauri. Lissafin tihai bai sauya ba. A jhaptal daga sam adadin 11 ne, a rupak 8, wato jimla 2 da hutu ɗaya-ɗaya.

A kudu, salon Karnatik, gangar mridangam ce, tare da ghatam, wanda tulu ne na yumɓu. Talarsu ta yau da kullum adi ce, bugu 8: tafi da yatsu uku, tafi da juyi, tafi da juyi. Furucinsu, konnakol, ya fi sauƙin ɗauka: ta-ka biyu, ta-ki-ta uku, ta-ka-di-mi huɗu, ta-ka-ta-ki-ta biyar. Ko ba za ka bi salonsu ba, ka ari waɗannan don karkasa bugu.

11. Sayen tabla da neman malami

In ka kai wata uku kana nan, to yanzu a yi maganar kuɗi. Tabla ta koyo ba ta da tsada sosai a Indiya, jigila ce ke cin mutum, domin tana da nauyi, kuɗin kawowa na iya kamo kuɗin sayen. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba mai dawowa daga karatu ko asibiti a can sautu. Ka ce a sayo ta makaɗa, ba ta adon falo da ake sayar wa baƙi ba. Ta dama mai faɗin inci biyar da rabi ta isa, ta hagu ta tagulla ko jan ƙarfe. A haɗo da gammo biyu na zama, gudumar saiti, murfin fata, da fatar dama guda ta ajiya, don samun mai gyara a nan aiki ne.

Baƙin tabon da ke tsakiyar fata, syahi, shi ne ran gangar. An yi shi da garin ƙarfe da ƙullu. Ruwa ko gumi na lalata shi, ka shafa 'yar hoda a hannu kafin ka fara. Ana ɗaga murya da buga 'yan itatuwan gefe ƙasa, ƙaramin gyara kuma a kan kitson bakin ganga, a zagaya ko'ina daidai.

Hattara: hunturunmu na tsuke fata har ta tsage. Da iska ta fara, sassauta itatuwan, ka rufe ta, ka nisanta ta da taga. Da damina kuma murya na faɗuwa, amma kada ka shanya ta a rana ko ka gasa ta gefen wuta, kuma guduma ba ta taɓa fata ko sau ɗaya.

Baki da tafi za ka iya koya kai kaɗai. Ɗora yatsu kam sai da malami, ko ta bidiyo kai tsaye, domin yatsan da ya saba karkace yana ɗaukar shekaru kafin ya miƙe. Yawancin malaman da ke koyarwa ta intanet da awa suke caji, darasi ɗaya a mako ya isa in kana bita kullum. Tambaye shi gidan da ya yi karatu, don tabla na da gidajen koyarwa shida: Delhi, Ajrada, Lucknow, Farrukhabad, Banaras da Punjab, kowanne da yadda yake ɗora hannu. Ka tsaya ga ɗaya a shekarun farko. Ka kira shi Guruji, ko Ustad in Musulmi ne da ya kai, kada ka tsallake kayan kiɗa, kada ka miƙe ƙafa wajensu. Mai son zuwa can ya zauna, hukumar ICCR ta gwamnatin Indiya na ba 'yan ƙasashen waje gurbin karatu har da na kiɗa, sai a tuntuɓi ofishin jakadancinsu a Abuja ko Yamai a ji lokacin da ake buɗewa.